Kunnen dokin da ya karya Kasparov: fashin baƙi kan wasan farko na Landan 2000 da katangar Berlin

Akwai wata magana da ta yi yawa a bakin samarinmu masu buga ches, daga nan Garwa har Marwa da Kusiri, wai duk wasan da aka tashi nul, wato kunnen doki, to matsorata biyu ne suka haɗu, kowa na tsoron kowa shi ya sa suka miƙa wa juna hannu. Wani lokacin gaskiya ne, ba na musu, akwai kunnen dokin da tun daga gida aka shirya shi. Amma akwai wanda shi kansa makami ne, kuma wasan da nake so mu warware yau irin sa ne, taku 25 kacal aka yi, bayan taku na 8 ba wanda ya sake cin ko piyon ɗaya na wani, amma ni a ganina a wannan wasan ne Garry Kasparov ya fara rasa kambun duniya da ya riƙe tun 1985.

Ga yadda abin yake. Ranar 8 ga Oktoba 2000 aka fara karawa a birnin Landan tsakanin Kasparov da Vladimir Kramnik, wasa 16 aka tsara, kuma ba a ƙarƙashin FIDE, hukumar ches ta duniya, aka yi ba don tun 1993 Kasparov ya ɓalle daga hukumar ya tafi da kambunsa. Lokacin Kasparov yana da shekara 37, shi ne na ɗaya a duniya ba tare da wata gardama ba, a 1999 makinsa na auna ƙarfin 'yan wasa ya kai 2851 wanda ba a taɓa gani ba kafin nan. Kramnik kuma shekararsa 25, kuma abin da mutane da yawa ba sa kulawa da shi, a 1995 yana cikin masu taya Kasparov shiri lokacin da ya kara da Anand, wato ya zauna da mutumin nan ya ga yadda kansa ke aiki, ya san abin da yake so da abin da ke ɓata masa rai. Dokar karawar ta ce in an tashi 8-8 kambu na nan hannun Kasparov, kenan a takarda kunnen doki shi yake wa amfani ba Kramnik ba. Ku riƙe wannan don zai dawo.

Zan rubuta takun da haruffan da muka saba da su a nan, R sarki, D sarauniya, T tur, F fu, C doki, piyon kuma ba shi da harafi. Kasparov ne Fari. In kana da allo kusa don Allah ka jera, ko ka buɗe Lichess a waya ka bi, don wannan wasan ba a jin daɗinsa da karatu kawai.

1.e4 e5 2.Cf3 Cc6 3.Fb5 Cf6 4.O-O Cxe4 5.d4 Cd6 6.Fxc6 dxc6 7.dxe5 Cf5 8.Dxd8+ Rxd8

Taku uku na farkon Fari buɗin Sifen ne, wanda ake kira Ruy Lopez da sunan wani limamin coci ɗan Sifen na ƙarni na 16. Yawancin mutane a taku na 3 a6 suke turawa su tambayi fu ina ya nufa, shi kuwa Kramnik sai ya fito da doki f6, wannan shi ne kariyar Berlin, wadda ake wa laƙabi da katangar Berlin, tsohon buɗi ne tun ƙarni na 19 wanda a lokacin manyan 'yan wasa ba su cika ɗaukar sa da muhimmanci ba, ana masa kallon abin da mutum zai shiga ya sha wahala a banza. An fi sanin Kramnik da buɗin Petrof da na Sisiliyan, to kaga duk shirin da Kasparov da mutanensa suka kwana suna yi da kwamfuta an kauce masa tun a taku na uku.

Piyon ɗin e4 da doki ya ci ba kyauta ba ne, aro ne, Fari zai karɓi abinsa. Bayan d4 doki ya koma d6 ya taɓa fu, Fari ya ba da fu ya ci dokin c6, ya ci e5 ya kori ɗayan dokin, layin d ya buɗe, sarauniyoyi suka kalli juna aka yi musaya. Taku takwas kuma babu sarauniya a allo. Wanda ya san Kasparov ya san abin da wannan ke nufi, mutum ne da ƙarfinsa ke cikin hari, ya ba da piyon ko doki ya samu sarkinka a fili ya yi ta ruwan wuta har ka ruɗe, to an cire masa babban abin harin tun bai gyara zama ba.

Yanzu mu tsaya mu yi lissafi don a nan ne duk maganar take. In ka kalli allon da idon sabon ɗan wasa za ka ce Baƙi ya shiga uku. Sarkinsa ya motsa, kenan rok, wato takun da sarki ke zamewa gefe ya ɓuya tur ya tsallake shi, ya haramta gare shi har ƙarshen wasa, yana tsaye a d8 ya tare wa tur biyu hanya ba sa ganin juna. Piyon biyu sun hau kan juna a layin c. A ɓangaren sarki Fari yana da piyon huɗu lafiyayyu e, f, g, h, Baƙi yana da uku, kuma duk wanda ya ɗan koyi ƙarshen wasa ya san huɗu lafiyayyu kan uku suna haifar da piyon mai wucewa da zai je ya zama sarauniya. A ɗaya ɓangaren Baƙi ma huɗu gare shi kan uku amma nasa gurgu ne saboda biyun da suka hau juna, in Fari ya tsaya daidai ba za su iya fitar da mai wucewa ba. Wato in da za a kwashe dawakai da fu da tur duka a bar sarakuna da piyon kawai, galibi Fari ne zai ci.

To me Kramnik ya gani a ciki? Abu biyu, kuma suna haɗe. Na farko yana da fu biyu, Fari kuma ya ba da fu ɗinsa mai bin fararen gidaje tun a taku na 6, saboda haka fu ɗin Baƙi na fararen gidaje ba shi da kishiya a allon. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci, piyon ɗin Fari ya riga ya wuce zuwa e5 kuma piyon ba ya komawa baya. Da a e4 yake da yana gadin f5 da d5, amma tunda ya haye e5 ya bar f5 da e6 da d5 a buɗe, dukansu fararen gidaje ne, daidai inda fu ɗin Kramnik ke da iko. Sannan shi wannan piyon ɗin yana tsaye a baƙin gida, a kan hanyar fu ɗin da ya rage wa Fari, ya toshe wa ɗan gidansu ido. Kaga kenan huɗun nan da ake taƙama da su ba za su yi tafiya ba sai sun bi ta f5, dole Fari ya tura f4 sannan g4 sannan f5, in aka hana shi wannan to rinjayen nasa a takarda kawai yake. Wanda ya taɓa zama gaban masu dara a ƙofar gida da yamma ya san wannan, ba sai ka ci 'ya'yan mutum ba, ka gane ramin da yake bukata ya cika ukunsa ka dasa naka a ciki ka ƙi tashi, sai ya yi ta zagaye. Wasan nan gaba ɗayansa rigima ce a kan gida ɗaya, f5.

9.Cc3 Fd7 10.b3 h6 11.Fb2 Rc8 12.h3 b6 13.Tad1 Ce7 14.Ce2 Cg6 15.Ce1 h5

Fd7 ya rufe layin d kada tur ya dami sarki, ya kuma ba sarki hanya ya zame zuwa c8. h6 don kada dokin Fari ya sauka g5 ya taɓa f7. Shi kuma Kasparov da h3 ya nuna niyyarsa a fili, yana shirin g4 ya kori dokin f5. Kramnik bai jira a kore shi ba, da kansa ya janye doki e7 ya zagayo g6 inda yake kallon piyon ɗin e5 yana kuma kallon f4. Sai Kasparov ya mai da dokinsa baya e1, wanda in ɗan koyo ya yi za a ce ya ɓata taku amma a nan dalilin a bayyane yake, dokin ne ya tare wa piyon ɗin f hanya, sai ya kauce f4 zai yiwu. Nan take Kramnik ya amsa da h5. Dubi fa, wannan piyon ɗin ya taka h6 a taku na 10 yanzu ya sake takawa h5, taku biyu a abin da za a iya yi da ɗaya, amma a irin wannan matsayi da babu sarauniya kuma babu inda aka buɗe wuta, lokaci ba shi da tsadar da yake da ita a Sisiliyan. Abin da ke da tsada shi ne g4, kuma yanzu in Fari ya tura g4 za a ci a buɗe wa tur ɗin h8 layi ba tare da ya motsa daga gidansa ba.

16.Cd3 c5 17.c4 a5 18.a4 h4 19.Cc3 Fe6 20.Cd5 Rb7

c5 ya hana doki sauka d4. Kasparov ya amsa da c4 don ya samar wa dokinsa mazauni a d5, Kramnik ya tura a5 yana neman a4 ya buɗe wa ɗaya tur ɗin layi, shi ma daga gidansa, Kasparov ya rufe da a4. A nan ni ina ganin Fari ya biya farashi mai yawa, don yanzu piyon ɗinsa uku a4 da b3 da c4 duk a fararen gidaje suke, sun daskare, kuma b3 ba piyon ɗin da zai kare shi, ranar da wasa ya buɗe fu ɗin Kramnik ya samu abinci. Ɓangaren sarauniya ya kulle kenan, saura ɓangare ɗaya.

Sai h4, wanda shi ne takun da na fi so a wasan duka. Piyon ɗaya ya riƙe biyu. In Fari ya tura g4 za a ci shi an-pasan a g3, wato cin piyon da ya yi tsallen gida biyu kamar gida ɗaya ya taka, in ya tura g3 ma za a ci, ko ta yaya jerin huɗun nan ya tsinke, g4 da ake ta shiri tun taku na 12 ya mutu. Saura f5 ba tare da taimakon piyon ba, sai dai dawakai da tur su tallafa.

Dokin Kasparov ya sauka d5 yana kyau a ido, amma a lura da abin da Kramnik bai yi ba. Bai ci shi da fu ba, don in ya ci, piyon ɗin c zai rama ya dawo d5, Fari ya samu biyu a jere d5 da e5, ga shi kuma an rabu da fu ɗin da duk ginin ke kansa. Bai kuma yi gaggawar korar sa da c6 ba, don da sarki a c8 doki zai ci b6 da eshek, wato ya taɓa sarki, ya haɗa da tur ɗin a8. Sai ya ɗaga sarki b7, taku ɗaya aiki biyu, ya kare b6 yadda c6 zai yiwu, ya kuma share layin baya don tur ɗin a8 ya fito. Sarkin da aka ce ya rasa rok ga shi ya yi wa kansa rok da ƙafa.

21.Ce3 Th5 22.Fc3 Te8 23.Td2 Rc8 24.f4 Ce7 25.Cf2 Cf5 aka tashi ½-½

Doki ya bar d5 ya dawo e3 don ya kalli f5. Kramnik ya ɗago tur ta gefe zuwa h5, hanyar da ba kasafai ake ganin tur ya fito ta ita ba, daga can yana matsa wa e5 yana kuma gadin f5 a kwance. Ɗaya tur ɗin ya zo e8, sarki ya koma c8 ya tsare d7 da d8 kada turan Fari su shigo ta layin d. Sai a taku na 24 Kasparov ya samu tura f4, kuma barazana ce ta gaske ba wasa ba, don in aka bar shi f5 zai taɓa fu ɗin e6 da dokin g6 lokaci ɗaya, yana da doki da tur a bayansa. Kramnik ya janye doki e7, yanzu ƙirga masu kallon f5, na Baƙi uku ne doki da fu da tur, na Fari biyu. Taku na gaba doki ya zauna a f5 da kansa, gidan da ya bari tun taku na 13, amma yanzu babu g4 da zai tashe shi.

Wani abu da zai ba ka mamaki in ka duba allon a ƙarshe, fu ɗin Kramnik na f8 bai motsa ba ko sau ɗaya, dokinsa ɗaya kuma ya yi taku takwas cikin 25, sarki ya yi huɗu. Duk ƙa'idar da muke koya wa yara, fito da kayanka da wuri, kar ka motsa abu ɗaya sau biyu, yi rok, an taka ta, kuma ba don raini ba, don ya san dalilin da aka kafa ƙa'idar ya kuma ga dalilin ba ya nan.

Shin Kasparov ya yi saurin yarda? Na sha jin masu cewa ai da ya ci gaba, kaya sun cika allo. To ya ci gaba da me? f5 a toshe, g4 ba ya yiwuwa, ɓangaren sarauniya shi da hannunsa ya kulle, layin d a hannunsa yake amma ba gidan shiga, fu ɗinsa na c3 yana kallon ƙeyar piyon ɗinsa. In ya yi musayar dawakai a f5 fu ɗin Kramnik ne zai zauna a wurin ya fara leƙen c2 da b3. Injin kwamfuta zai iya nuna maka Fari na da ɗan fifiko kaɗan a irin waɗannan matsayi, amma lamba daban hanya daban, kuma wanda ya matsa da ƙarfi a nan shi zai fara zubewa.

Yanzu mu koma kan dokar 8-8. Tunda kunnen doki Kasparov yake wa amfani, me ya sa nake cewa wannan ya cutar da shi? Saboda a karawa irin wannan kowa da fari yake cin abinci, da baƙi kuma ya kare kansa. Kramnik ya nuna tun ranar farko cewa farin Kasparov ba zai ciji ba, sannan a wasa na biyu da ya karɓi fari ya doke shi a Grunfeld, buɗin da Kasparov bai sake bugawa ba har aka gama. Daga nan lissafi ya juye, Kasparov ne ke bin bashi, kuma kusan duk sanda ya buɗe da e4 katangar na jiransa. Sau huɗu aka buga Berlin, wasa na 1 da na 3 da na 9 da na 13, duka nul. A wasa na 3 ma an yi gumurzu har taku 53, a can Kasparov ya bar h3 ya fara da Tad1 a taku na 12, ya fi matsawa amma bai fasa ba. Ya gwada c4 a wasa na 5 da na 7 bai samu komai ba, na bakwai ɗin taku 11 kawai aka yi. Kramnik ya ƙara cin na 10, aka ƙare a wasa na 15 da 8½ da 6½, nul 13, Kasparov bai ci ko ɗaya ba, abin da bai faru da mai riƙe da kambu ba tun Lasker a hannun Capablanca a 1921. Abin da har yau yake damuna shi ne Kasparov yana da buɗin Skoc, 3.d4, wanda shi da kansa ya farfaɗo da shi a kan Karpov a 1990, kuma bai buga shi ko sau ɗaya a Landan ba. Ni a fahimtata zuciya ce ta shiga, ya ɗauka dole sai ya rushe katangar nan da hannunsa.

Abin da ya sa na ɗauko wannan wasan ba tarihi kawai ba ne. Yaranmu na lise yanzu suna haddace takun nan takwas daga YouTube, ka je inda ake bugawa a ƙarƙashin dalbejiya bayan la'asar, allon roba an danne gefensa da dutse saboda iska, murfin kwalba a madadin piyon ɗin da ya ɓata, ka ga yaro ya buga har Rxd8 da sauri kamar karatun allo yana murmushi wai ya shiga Berlin ba mai cin sa. Taku goma bayan nan ya ba da fu ɗinsa na fararen gidaje a kan doki don kawai an ba shi musaya, ya yarda an kwashe tur duka, bai taɓa piyon ɗin h ba, Fari ya tura g4 da f4 da f5 yadda yake so, sai ga shi a ƙarshen wasan piyon ɗin nan da na ce galibi Fari ke ci. Wallahi abin yana min ciwo don yaran suna da kai, wanda zai zauna ya nuna musu dalili ne babu. Wanda zai buga Berlin da baƙi ya san fu ɗin nan shi ne ransa, ya san ba kowace musaya ce alheri gare shi ba, ya yanke tun wuri ko sarkinsa c8 zai nufa ko e8, kuma idonsa kar ya bar g4 da f5.

Katangar kuma ba ta gagari fasawa ba. A 2001 a gasar Astana ta Kazakistan Kasparov ya sake haɗuwa da Kramnik a Berlin ya ci shi, kuma yadda ya yi ɗin yana koyar da abu, piyon ɗin e5 da ke toshe wa fu ɗinsa ido shi ya tura e6 ya ba da shi kyauta, layi ya buɗe, sarkin da ke tsakiya ya fara jin zafi. A wasan Landan na farko wannan damar ta rufe ne daga lokacin da fu ya zauna e6 a taku na 19. Duk da haka buɗin ya zauna daram a manyan gasa, Carlsen da Anand sun buga shi a karawarsu ta 2013 da ta 2014, a ta 2014 ɗin wasa na 7 sai da aka yi taku 122 kafin a tashi nul, a na 11 kuma Carlsen ya ci da fari a wannan matsayin marar sarauniya ya kare kambunsa.

Shi ya sa yau da yawa daga manya in suna da fari ba sa shiga musayar sarauniya kwata-kwata, sai su buga 4.d3 su kare e4 a ci gaba da wasa da kaya cike, wasu kuma su yi rok ɗin amma a taku na 5 su buga Te1 maimakon d4, sai dai wannan ya fi saurin kaiwa ga nul. Ga ɗan wasa irin namu da yawanci minti goma ko sha biyar ake bugawa, ni 4.d3 nake ba da shawara, ka bi da c3 da rok da Cbd2, sarauniyarka na nan, kuma wanda ya haddace taku takwas ya zo da su dole ya fara tunani da kansa tun daga taku na huɗu.